Kuɗin Hancin Kawu

Kawuna, yayan mahaifiyata, ya yi shekara talatin da huɗu a bakin tandar gidan burodi ɗaya, kuma bai taɓa ɗaura agogo ba. Idan aka gama zura gwangwanaye aka rufe ƙofar ƙarfen, sai ya ja wata kujerarsa mai ƙafa uku ya zauna, ya ba tanda baya, ya shiga hira da masu kwaɓi. Ana tsakiyar magana za ka ga ya ɗaga kai ya ja iska, ya miƙe ya bar zancen a inda yake. Shi ke nan, burodi ya yi. Ba ya leƙawa, ba ya tambayar kowa ƙarfe nawa. Yakan ce na layin baya ne ke fara yi masa magana, na bakin ƙofa kuma sai an ɗan yi masa haƙuri.

Da faskare ya fara a gidan. Yana saurayi, aikinsa ya sauke itace daga mota, ya faskara, ya jera. Wata rana yana can tsakar gida da gatarinsa ya ɗaga murya ya ce wa mai tandar wancan lokacin gefen hagu ya fara kamawa. Mai tanda ya zage shi tas, amma da aka buɗe sai aka tarar haka ne. A ranar Tsohon Maigida ya sa aka karɓe gatarin daga hannunsa. Tun daga nan bai sake matsawa daga bakin wuta ba, har gashin hannuwansa ya daina fitowa, har ma'aikata suka koma kiransa Baban Tanda. Da aikin nan ya gina ɗaki biyu da falo, ya aurar da 'ya'ya huɗu, ya sayi keken da yake gogewa kullum da safe kamar za a zo dubawa.

Halinsa guda ne ke ba mu wahala a dangi. Kawu ba ya ciwo. Wato yana yi, amma ba za ka ji a bakinsa ba. Ranar da ƙofar tanda ta kwashe masa fatar dantse, matarsa, wadda muke kira Inna, ta tambaye shi me ya same shi, ya ce, "Kalau." Haƙori ya kumbura masa kunci har ido ya shige ciki, kalau. Inna takan ce ranar da za a ɗauke shi ma, in aka tambaya daga cikin makara, abin da za a ji ke nan.

Ni kuwa dillancin burodinsu nake yi. Kullum da safe ina ɗaukar ɗari huɗu a babur mai ƙafa uku da nake haya, in rarraba wa masu shago da masu shayi, ribata naira hamsin a kan kowane ɗaya. Kawu yana kirana Akanta, wai ko gaisuwa aka yi mini sai na ƙirga. Ni ce ma na zauna wata rana na karanta masa takardar albashinsa, na gano ana cire masa dubu biyu kowane wata na inshorar lafiya, shekara goma sha ɗaya ke nan. Na buga masa lissafi a take: dubu ɗari biyu da sittin da huɗu. Abin da ya taɓa samu a madadinsu kati ne guda mai hotonsa, wanda ya cusa a ƙarƙashin ƙafar teburin falo don ya daina rawa.

"Bar su su ci," in ji shi. "Ai gara su ci kuɗina da in ci nasu. Mai cin nasu a kwance yake."

Akwai kuma abu ɗaya da ya kamata a sani. Tsohon Maigida ya rasu, ɗansa ya gaji gidan. Shi wannan Ƙaramin Maigida yana da hoton wata tandar lantarki a wayarsa, mai agogo da ƙararrawa, yana nuna wa duk wanda ya shigo ofis. Sau da yawa Kawu ya ji shi ta taga yana cewa na'ura ba ta tsufa, ba ta neman hutu. Kawu bai taɓa tanka masa ba. Amma ya san abin da ya tsaya tsakanin hoton nan da kujerarsa mai ƙafa uku, kuma abin yana tsakiyar fuskarsa.

Sai annoba ta zo. Aka rufe makarantu da kasuwanni, amma aka bar gidajen burodi suna aiki, tunda dole a ci. Kowa ya ɗaura takunkumi. Wata safiya na iso ɗaukar kaya na tarar hayaƙi ya turnuƙe tsakar gidan, ma'aikata sun yi cirko-cirko, ga gwangwanaye a zube a ƙasa. Burodi ɗari da ashirin, baƙi ƙirin, ko kaji ba za su tsattsaga ba. Kawu yana tsaye a kansu da dogon katakon da yake zaro su da shi.

"Takunkumin nan ne," ya ce, ba tare da ya dubi kowa ba. "Ga itacen da aka kawo ɗanye ne."

Ba wanda ya ja da shi. Ni ma ban ja ba, hankalina yana kan masu shayi goma sha ɗaya da zan ba haƙuri.

Bayan kwana biyu ɗaya daga cikin masu kwaɓi ya faɗi da zazzaɓi, aka gwada shi aka sami cutar. Ƙaramin Maigida ya tara ma'aikata ya ce ba wanda zai sake taɓa fulawarsa sai ya kawo takardar gwaji. Wani ya tambayi wa zai biya. Ya ce, "Inshora mana. Don me ake cire muku?"

Na zaro katin daga ƙarƙashin teburi, na goge shi da gefen mayafi, na ɗauki Kawu a babur zuwa asibitin da sunansa ke bayan katin. Sun kafa rumfa a harabar, da kujeru a warwatse nesa da juna. Muka jira har rana ta take. Da layi ya zo kanmu, wata nas da ba a ganin komai nata sai idanu ta ɗauki biro.

"Baba, akwai zazzaɓi?"

"Babu."

"Tari fa?"

"Hayaƙin tanda ma bai sa ni tari ba."

"Ciwon jiki, kasala?"

"Kalau nake, 'yata."

"Kana jin ƙamshi da ɗanɗano kamar yadda ka saba?"

Kawu ya yi dariya. "Da hancin nan na aurar da 'ya'ya huɗu."

Ni ma na yi dariyar, har da ƙara mata bayani cewa duk unguwarmu babu hanci irin nasa. Ta tambayi to me ya kawo shi, ya ce wurin aiki ne suka ce. Ta ja layi a takarda, ta zura masa ɗan tsinken auduga a hanci har hawaye ya zubo, ta ce mu je wurin biya.

Mai karɓar kuɗi ya dubi takardar, ya turo mini katin ta ƙasan gilashi. "Dubu talatin."

"Ga kati ai."

"Na gani. Kati ba ya ɗaukar wannan."

"Gwajin cutar ne fa. An faɗa a rediyo inshora na biya."

"Tana biya wa wanda ya zo da alamun ciwo, likita ya ce a gwada shi. Baba ya ce lafiyarsa kalau, aiki ne ya turo shi. Wannan gwajin buƙatar ma'aikata ne, ba na jinya ba."

"Wato laifinsa shi ne lafiya?"

"Hajiya, akwai mutane a bayanki."

An riga an ɗauki abin gwajin, babu mayar da shi cikin hanci. Na juya baya na buɗe jakar cinikin ranar na ƙirga masa. Dubu talatin ribar burodi ɗari shida ce a wurina. Na karɓi rasit na ninke shi da kyau, ina ce wa Kawu kada ya damu, kuɗin nan za su dawo ko da ƙafata ce za ta ƙare.

Ƙafar kuwa ta kusa ƙarewa. Ofishin inshora a hawa na uku yake, an jera igiya a ƙofa, mutum ɗaya ke shiga. Jami'in da na samu matashi ne mai ladabi ƙwarai, irin ladabin da ke sa ka ji kamar ka kifar da teburin. Ya ce tunda ma'aikata ce ta buƙaci gwajin, ita ya kamata ta biya. Na koma wurin Ƙaramin Maigida, ya ce shi yana biyan nasa kason na inshora kowane wata, ba zai biya abu ɗaya sau biyu ba. Na koma asibiti, suka ce su nasu gwaji ne, su biyun can su sasanta. Na kira lambar da ke bayan katin, aka sa mini kiɗa har kuɗin wayata suka ƙare. Wani ya ce akwai wurin gwamnati da ake yi kyauta, na je na tarar da takarda a ƙofa cewa kayan gwaji sun ƙare, kuma ko da akwai, su ma masu alamun ciwo suke gwadawa.

Ana cikin haka sakamako ya fito. Kawu yana ɗauke da cutar.

Allah ya yafe mini, bayan tsoron da na ji na farko, abu na biyu da ya zo mini shi ne rasit. Na haye hawa ukun nan da gudu na ajiye wa jami'in takardar.

"Ga shi. Mara lafiya ne. Ku ba ni kuɗina."

Ya karanta a tsanake. "Allah ya ba shi lafiya. Amma mu dalilin zuwa muke dubawa, ba abin da aka samu ba. A ranar da ya zo, an rubuta ba shi da wata alama."

"Cutar tana jikinsa a ranar ko ba ta ciki?"

"Tana ciki, amma bai faɗa ba."

"Ya za a yi ya faɗi abin da sai an gwada ake sani?"

"Na fahimce ki, Hajiya. Tsarin ne haka."

Aka killace Kawu a ɗakinsa na ciki, Inna ta koma falo. Maigida ya mayar da shi rabin albashi, ya ce kuma ba zai dawo ba sai da sabuwar takarda mai nuna cutar ta fita. Bayan sati biyu muka sake komawa rumfar nan. Nas ta sake jero tambayoyinta, Kawu ya sake jero kalau ɗinsa, mai karɓar kuɗi ya sake turo katin ta ƙasan gilashi. Wannan karon daga rabin albashin aka biya, abin da ya rage bai kai cefanen sati ba. Sakamako ya fito, har yanzu akwai burbushinta. Likita ya ce haka take yi wa wasu, a ƙara kwana goma a sake. Sau uku ke nan za a biya.

A tsakanin nan burodin gidansu ya lalace. Duk wanda aka sa a bakin tanda, yau ya fito da shi ɗanye a ciki, gobe ya ƙone. Masu shayi suka fara yi mini ƙorafi, dole na koma ɗaukar rabin kayana daga wani gidan burodi da ke bayan tasha. Kawu ya tsani burodin gidan nan. Suna zuba masa wani turaren ayaba don ya rufe tsamin yis, kuma ko a cikin jaka na shigo da shi, tun daga ƙofar gida zai ce, "Wa ya shigo mini da sabulu?"

Wata rana da hantsi na biya duba shi, ba ni da sauran na gidansu. Na cire wa na bayan tasha leda, na miƙa masa ta taga tare da kofin shayin da Inna ta haɗa, na tsaya ina jiran zagi. Har na shirya amsar da zan ba shi.

Ya karɓa. Ya gutsura, ya tsoma a shayi, ya ci. Ya sake gutsura.

"Ya ka ji shi, Kawu?"

"Ba laifi. Yaran suna ƙoƙari."

Na tsaya ina kallonsa ta tsakanin ƙarafan tagar. Gwangwanayen nan ɗari da ashirin suka dawo mini, da dariyar da ya yi wa nas, da wadda na taya shi.

"Na bayan tasha ne," na ce.

Hannunsa ya tsaya a kan kofin. Ya kai ragowar burodin hanci, ya ja iska har ƙirjinsa ya ɗaga, ya sake ja. Sannan ya ajiye shi a kan tabarma a hankali.

"Tun yaushe, Kawu?"

"Rage murya."

"Tun ranar da burodin ya ƙone?"

"Kwana ɗaya kafin nan. Na ce ki rage murya, maƙwabta na da kunne."

Ban rage ba. Na ce masa wannan ita ce alamar da ake ta tambayarsa, baƙi da fari tana cikin takardar nas. Da ya buɗe baki ya faɗa, da likita ya rubuta, da inshora ta ɗauki na farko, ta ɗauki na biyu. Dubu sittin sun tafi a kan kalma ɗaya. Amma ba a makara ba, saura na uku. Gobe mu je ya gaya wa likita gaskiya, a gwada shi a matsayin mara lafiya, ba mu biya ko sisi ba.

Ya bari na gama. Sannan ya ce, "Takardar biyan, ta ina take bi kafin ta kai inshora?"

Na san amsar. Inshorar ta ma'aikata ce, duk takardar neman biya sai ta bi ta ofishin Maigida ya sa hannu.

"Kuma a jikinta ana rubuta abin da ke damun mutum?"

"Ana rubutawa."

"To ke da kika iya lissafi, lissafa mini. Yaron nan ya karanta cewa Baban Tanda ba ya jin ƙamshi. Kwana nawa zan ƙara a gidan?"

"Zai dawo ai. Likitoci sun ce yana dawowa."

"Sun ba ki rana?"

"Kawu, dubu talatin ne fa! Ba ka da su, ni ma ba ni da su."

"Ina da keke."

Na juya wurin Inna, wadda ke zaune a bakin ƙofar falo tana tsince shinkafa, na ce ta sa baki. Ko ɗaga kai ba ta yi ba.

"Ni za ki gaya wa? Tun ranar da na ƙona miya yana zaune kusa da murhu bai ce uffan ba na sani. Shekara talatin ina shan gori a kan girki, rana ɗaya aka wayi gari komai na dafa ba laifi."

"Kin sani kika yi shiru?"

"Shi ma ya san na sani. Me za mu ce wa juna?"

Na yi magiya, na yi faɗa, na kawo masa misalin kuɗin motar da zai riƙa biya in babu keke, wanda a wata huɗu zai cinye abin da keken zai kawo. Na ce zan je in sami likita ni kaɗai in gaya masa. A nan ne ya ɗaga murya, abin da bai taɓa yi mini ba tun ina yarinya.

"In kika yi haka, kada ki sake taka gidan nan. Hancina ne ko naki?"

Ranar da zan kai keken wurin mai gyara, Kawu ya sa Inna ta jingina shi a jikin taga, ya zuro hannu da tsumma ya goge sirdin da kan ƙararrawar. Mai gyara ya san muna cikin matsi, ya taya dubu ashirin. Na yi ta ja da shi har ya kai ashirin da biyar, Inna ta cika biyar daga kuɗin da take tarawa na gyaran rufi. Muka koma rumfa karo na uku. Nas ɗin ta gane mu.

"Baba, har yanzu babu komai? Ƙamshi, ɗanɗano?"

Ina tsaye a bayansa, na dafa kafaɗarsa na matsa da ƙarfi.

"Kalau," in ji Kawu.

Wannan karon takarda ta fito da kyau. Washegari ya sa farar rigarsa ta aiki, na ɗauke shi a babur. A hanya ya tambaye ni, kamar abin bai dame shi ba, ko wayata tana da irin abin nan da ke ƙara idan lokaci ya cika, kuma ko ana iya sa shi ya yi rawa kawai a aljihu ba tare da kowa ya ji ba. Na ce ana iya. Ya ce to zai ara.

Da muka shiga, ma'aikata suka yi ta murna, ana Baban Tanda ya dawo. Kujerarsa tana nan inda ya bar ta. Amma a bango, daidai saman ƙofar tanda, an kafa ƙusa an rataye wani sabon agogo mai farar fuska, babba kamar tire. Kawu ya tsaya yana kallonsa. Ƙaramin Maigida ya fito daga ofis, ya karɓi takardar, ya duba sama-sama ya cusa a aljihu.

"Sannu da jiki, Baba. Ka ga agogonka? Ka riƙa aiki da shi kafin hancin ya dawo."



"Wane hanci?" in ji Kawu.

"Haba, Baba. Tun ina rarrafe a gidan nan ban taɓa ganin ka ƙona ko ɗaya ba. Rana ɗaya ka ƙona ɗari da ashirin, a ce mini takunkumi? Ga mai kwaɓi nan, har yau ba ya jin warin komai. Matata ma sai da ta yi wata biyu. Kowa a nan ya sani, kunyarka ce ta hana a faɗa."

Kawu ya dubi masu kwaɓi. Duk suka sunkuyar da kai cikin fulawa.

"Mutum biyu na gwada a bayanka," Maigida ya ci gaba. "Sun ƙona mini buhu nawa, kar ka tambaya. Ita kuma ta lantarkin, da kuɗin da take yanzu, sai dai in ci gaba da kallonta a waya. Ko babu hanci ka fi su sanin wutar nan."

A nan na kasa riƙe bakina.

"Ranka ya daɗe, ka sani? Ka sani ka bar shi ya biya gwaji sau uku daga aljihu? Ya sayar da kekensa!"

Ya dube ni da mamaki na gaske. "Ni na ce ya ɓoye? Da takarda ta zo da na sa hannu, kamar yadda na sa wa mai kwaɓi. Shi ko sisi bai biya ba."

Ban san lokacin da na fita ba. Na bar burodin masu shayi a ƙasa na nufi hawa na uku. Na zayyana wa jami'in komai: alamar tana nan tun ranar farko, ga matarsa shaida, ga maigidansa shaida, ga ma'aikata. Ya saurare ni har ƙarshe, ya ce abin ya taɓa shi. Sai dai abin da likita ya rubuta a ranar gwaji shi ne hujja, ba a komawa a gyara. Na farkon ma wa'adin neman biyansa ya wuce.

"To yanzu me katin nan zai yi masa?"

"In ya zo da wani ciwon, muna nan."

Na sauko. A matakala na buga lissafin da na san ba zai amfane ni da komai ba: an karɓi dubu ɗari biyu da sittin da huɗu, da buƙata ta zo mun ƙara casa'in daga aljihu. A ƙarshen watan aka kawo takardar albashi, dubu biyun suna nan a layinsu.

Yanzu Kawu a ƙafa yake zuwa aiki. Na ce in riƙa biyowa ina ɗaukarsa, ya ce tafiyar tana buɗe masa jini. Ina tara masa kuɗin wani keken, amma duk lokacin da na kusa, sai in tarar farashin ya matsa gaba. Katin ya koma ƙarƙashin ƙafar teburi. Hancin ya dawo, amma a karkace: Inna ta ce ya gaya mata burodi mai zafi yanzu warin ƙonanniyar roba yake yi masa. Ita ya gaya wa, ni ko na tambaya amsar ba ta canza ba.

Ya juya kujerarsa. Yanzu tanda yake fuskanta, ba ya hira idan akwai kaya a ciki. Agogon bai san ɗanyen itace da busasshe ba, don haka Kawu yakan buɗe ƙofa ya zaro gwangwani ɗaya, ya kifar da burodin a tafinsa, ya ƙwanƙwasa gindinsa da yatsa ya kasa kunne. Yawanci yana dacewa. Wani lokaci na bakin ƙofa yakan fito da ɗan fari.

Shekaranjiya ina loda kaya, masu kwaɓi sun fita shan iska, ya yafito ni da hannu.

"Akanta, zo nan. Matso kusa da ƙofar. Ja iska."

Na ja.

"Me kika ji?"

"Burodi."

"Na san burodi ne, ai ba takalmi na zuba ba. Akwai wani ɗan ɗaci-ɗaci a ƙarshensa, kamar sukari ya fara kamawa?"

Na sake ja, na rufe ido, na yi iya ƙoƙarina. "Wallahi, Kawu, burodi kawai nake ji."

Ya yi tsaki. "Hanci har biyu a fuska, na ado."

Ya ɗan jima a tsaye, hannunsa a kan mariƙin ƙofar. Sannan ya ɗaga kai ya dubi agogon, ya ja katakonsa, ya buɗe.